Ranar da Bafillace Ya Tare Makarar Ɗan Yayata

Tun daga Birni har Zango ba a haifi mutumin da ya taɓa kulle mini baki ba. Wannan ba yabon kai ba ne, ku je rumfar ƴan fata ku tambaya. Na taɓa tsayawa da wani Bakano mai sayar da atamfa muna musayar baƙar magana tun hantsi, kafin la'asar mutumin nan ya naɗe hajarsa ya nufi tasha, aka ce har ya tsallaka iyaka yana waiwaye. Na taɓa sa liman dariya yana tsakiyar alwala, sai da ya sake ta daga farko. Matata ta ce ko a barci ina ba wani amsa. To duk da wannan baki nawa, akwai wata safiya da na tsaya a ƙofar gidan yayata ina laluben harshena na rasa inda na ajiye shi. Abin da na samu na faɗa daga baya kuwa, har yau ban san ko alheri na yi da shi ba.

Sai na ɗan yi bayani saboda yaran yanzu. Mu gidanmu Barebari ne, kakan kakanmu daga Barno ya taso, kuma tsakaninmu da Fulani akwai wasa tun ba a san wanda ya fara ba. Bafillace ya gan ni ya ce ga bawansa mai fuska kamar kaji sun yi tono a kai, ni in ce ga bawana wanda bai san ɗanɗanon naman saniyarsa ba sai ta mutu don kanta. Ba mai fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, gari ya yi ta yi masa dariya. Ko gaban alƙali aka kai su, da an ji Babarbare ne da Bafillace sai a ce su tashi su ba mutane wuri. Wasan nan ko gawa bai bari ba. Idan tsohon Babarbare ya rasu, wanda ya ga jikoki har da tattaɓa-kunne, Bafillace yana da iko ya zauna a gaban makara ya ce ba za a wuce da bawansa ba sai an fanshe shi. Ya tona rowar mamacin, ya kwaikwayi tafiyarsa da tarinsa. Mutanen gida su rama, a yi dariya da hawaye a ido, a ɗauko wani abu na mamacin, hula ko buta ko tsohon takalmi, a ba shi, ya tashi ya sa kafaɗa a makarar a tafi tare. Ni kaina na yi wa Fulani haka ba sau ɗaya ba, akwai sandar wani ardo a ɗakina har yanzu. Amma abin na tsofaffi ne. Ba a yi wa wanda ya tafi da ƙuruciyarsa. Ba wanda ya kafa doka a kai, kowa dai ya sani.

Sana'ata dillancin fata, don haka da Fulani nake wuni. A shekarar jar dawa, fari na biyu da na gani da wayona, fata ta cika rumfa har muka daina tayawa. Mutum ya zo daga arewa da fatu a ka, ka san garkensa ne gaba ɗaya yake ɗauke da shi. Na kan ce, “Bawana, yau kai ne jakin?” Da farko suna ramawa. Daga baya sai mutum ya dube ni kawai ya ajiye kayansa. Ni ban gane fari daga sama ba, ban gane shi daga rumbu ba. Ranar da Bafillace ya daina rama mini, ranar na san abin ya kai.

Yayata ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ta, ubansa kuma ya rasu tun yaron yana rarrafe, saboda haka ni ne kawu ni ne uba. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, gwargwado, aiki ya ƙi samuwa, ya shiga soja. Da na ji labari na yi dariya har na faɗi daga kan benci, domin yaron nan kaza ba ya iya yankawa sai ya ba ta haƙuri. Siriri ne, kunnuwa a waje, in ya sa hular soja sai ka ce an kife ƙwarya a kan muciya. Na ce masa abokan gaba za su mutu da dariya kafin ya ɗana bindiga, ya ce, “Kawu, ai sai a tura ka gaba, ka ƙarasa su da surutu.” A gidan shi kaɗai yake iya rama mini.

Babu yaƙi a lokacin, yunwa ce yaƙin. Aikinsu rakiyar kamiyo, wato babbar motar hatsin taimako, zuwa ƙauyuka da tsare layi wurin rabo. Wata rana a hanyar Damagaram Takaya kamiyonsu ya kwanta a wata gangara. Shi yana zaune a saman buhuna. Da aka gama kwashe su, yana ƙarƙashi.

Da safe suka kawo shi, motar bariki ɗaya da sojoji cike da bayanta, shugabansu wani dogo mai muƙamin ajidan, mutumin bakin kogi can yamma, Hausarsa tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi. Aka yi wanka a gida, aka sa likkafani. Sojojin suka ce sai an lulluɓa tuta a kan makara, liman ya ce ba zai yi salla a kan ƙyalle mai launi ba, aka daidaita a kan a cire lokacin salla a mayar bayan an sallame. Ni ina tsakiya ina sasantawa, hankalina rabi a nan rabi a cikin gida, inda yayata take zaune tun da labari ya zo ba ta yi kuka ba.

Aka sallame, aka mayar da tuta, aka ɗaga makara. Sojoji suka jeru gefe biyu. Wanda ya san lungunan Birni ya san akwai inda jaki mai kaya ba ya wucewa sai ya riƙe numfashi, to lungun gidan yayata yana cikinsu, kuma hanya ɗaya ce zuwa maƙabarta. Muna ɗagawa sai ga mutum zaune a tsakiyar lungu, ya gicciye sanda a kan gwiwoyinsa. Bafillace ne, ba tsoho ba, amma yunwa ta tsufar da shi. Ban taɓa ganinsa ba. Zaman da ya yi zaman wasa ne sak, har na ji wani a bayana ya ce, “Kai, wannan bai san yaro ba ne?”

Sai ya buɗe baki. Bai ɗaga murya sosai ba, amma lungu ya yi tsit, ana jin kowace kalma.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “An ce buhu ne ya kashe shi. Buhun da yake tsarewa da bindiga. Allah na gode maka da ka nuna mini. Allah ya dawo da su gida haka, ɗaya bayan ɗaya, kowace uwa ta karɓi nata a naɗe. Allah ya ƙuntata masa kabari yadda suka ƙuntata mana layi. Uwarsa tana ciki? A gaya mata ta ji, haihuwarta asara ce.”

Ni dai na sha jin zagi, na kuma sha yi. Amma wannan ba zagi ba ne irin wanda na sani, wanda ake jefawa a jira a ga yadda za a cafe. Bai bar wurin da za a rama ba. Masu ɗauke da makara suka tsaya da ita a kafaɗa, ba gaba ba baya. Katangar gidan yayata ba ta fi tsayina ba, kuma na san tana bayanta. Gaskiyar magana, abin da ya fara zo mini shi ne in karɓi sandar nan in karya ta a bakinsa. Samarin unguwa ma sun fara cire takalma.

Sojoji suka riga mu. Biyu suka kama shi ta hammata suka ɗaga, bai fi nauyin fatar akuya ba. Wani ya kwance ɗamararsa yana naɗe ta a hannu. Ajidan ya yi magana da Faransanci, aka juya da mutumin wajen mota. A waɗancan shekarun masu kaki ke riƙe da ƙasa. Mutum ko kalmar yunwa zai faɗa a kasuwa sai ya duba hagu da dama. Wanda ya la'anci soja a gaban sojoji, a kan gawar ɗan'uwansu, ga tuta a shimfiɗe, ba a tambayar yaushe zai dawo daga kaso, wato kurkuku. Mai jiki irin nasa ma ba lalle ya kai kason ba. Kowa a lungun ya san haka, kuma rabinsu, har da ni, sun ga ya dace.

Liman ne ya taɓa mini gwiwar hannu. Tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya ce a hankali, “Za mu binne ɗaya yau. Kada mu tashi da biyu a wuyanmu.” Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda Allah ya ba abu ɗaya tak a duniya, aka zo ranar amfaninsa.

Nan ne na laluba na rasa harshena. Sai da suka kusa kai shi mota na ji muryata ta fita, siririya kamar ba tawa ba.

“Ajidan, a sake shi. Bawanmu ne.”

Ajidan ya juyo. “Kai ne kawun mamaci?”

“Ni ne.”

“Ka ji abin da ya ce?”

“Na ji, ranka ya daɗe. Wasa ne. Mu Barebari ne, shi Bafillace. Hakkinsa ne ya tare makara.”

Ajidan ba baƙon wasa ba ne, a ƙasarsu ma suna da nasu. Ya daɗe yana kallona. “Wasa da gawar yaro?”

“A Damagaram muna yi,” na ce. Dattawan da ke wurin duk suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙaryata ni.

“To,” in ji ajidan. “In wasa ne, wasa ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Ku mayar da shi inda yake. Kai kuma rama, mu ji. In ba ka rama ba, zagi ne, zan tafi da shi.”

Suka ajiye shi a tsakiyar lungu. Aka sauke makara a kan tabarma, domin kafaɗu sun gaji. Ga gawar yaron da na goya a gabana, ga uwarsa a bayan katanga, ga mutane sun zuba mini ido in ba su dariya.

Na gyara tsayuwa na ce, “Kai bawan Barebari, shanun sun ƙare ne ka zo kiwon gawa? Ba ta ba da nono, tashi.”

Ba wanda ya motsa. Mutumin ya dube ni da idanu jajaye ya ce, “Allah ya sa wuta ce makomarsa.”

“Wuta kuma? Ku da kuke kwana a bakinta kuna rawar ɗari, ai in da a can yake da ka riga mu ɗaukar makarar don ka je jin ɗumi.”

Wani sojan ƙarshen layi ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya a ciki. Na ji kamar an ɗan buɗe mini ƙofa. Na ci gaba. Na yi masa kirarin wuyansa, na ce igiyar guga ta kai ƙara wurin sarki an sace mata kama. Na ce sandarsa ta fi shi ƙiba, a bar ta ta yi magana. Duk la'anar da ya jefo sai in tare ta in juya ta in mayar masa da ita da ƙafafu a sama. Bakin da ya ɓace ya dawo, ya dawo da gudunsa, kuma abin da ke ba ni kunya shi ne ya yi daɗin amfani kamar kullum. Dariya ta fara tashi, mummunar dariya, mutane suna yi suna rufe baki da gefen rawani.

Ya sake cewa, “Allah ya ƙuntata kabarinsa.”

Na ce, “Ko ƙuntatacce ne dai yana da shi. Ku fa? Inda ɗayanku ya faɗi a gefen hanya, nan ungulu take yi muku liman.”

Lungu ya fashe. Har ajidan sai da gefen bakinsa ya motsa. Mutumin kuwa ya buɗe baki zai yi magana, ya rufe. Ya sunkuyar da kai ya kama sandarsa da hannu biyu. Ni a lokacin na ɗauka na ci.

“Ya isa,” in ji ajidan. “A ba shi abin tashi, mu kai yaro.”

Abin tashi kuwa daga cikin gida yake fitowa, daga hannun mai gawa. Ba ni da ikon in ciro hulata in ba shi. Na shiga zaure. Yayata ba ta cikin ɗaki inda na bar ta, tana tsaye a bayan ƙyaure, mayafi ya zame mata ba ta sani ba. Ta girme ni da yawa, ita ta yaye ni da uwarmu ta kwanta ciwo, duk duniya ita ce mai fara yi mini dariya tun ban iya magana sosai ba.

“Yaya,” na ce.

“Na ji.”

“Za su kashe shi ne, Yaya. In ba a ce wasa ba ne…”

“Na ce na ji. Nasa na ji, naka ma na ji.” Ta dube ni. “Nasa bai ba kowa dariya ba.”

Ta shiga ɗaki. Sojoji sun kawo kayan yaron a jakar bariki, ba a ko buɗe ba. Ta kwance ta, ta ciro bargonsa, toka-toka mai kauri, ta riƙe shi a ƙirji ɗan lokaci, ta kai shi hanci. Sannan ta miƙo mini.

“Kai masa. Sanyi yana tafe, na ga ba riga a jikinsa.” Ashe ta leƙa. Na juya zan fita ta ce, “Auta. In kun dawo, ka bar wasan nan naka a waje. Kada ka shigo mini da shi gida.”

Na kai masa bargo. Bai miƙo hannu ba, sai na ɗora masa a kafaɗa. Ya tashi ya jingina da bango, makara ta wuce ta gabansa. Bai sa kafaɗa ba kamar yadda ake yi. Muka kai yaro, sojoji suka busa ƙahonsu, muka rufe shi muka dawo. Lungu ba kowa.

A zaman makoki ba a yi wata hira ba sai wannan. Wani mushe, wato malamin boko, da ya koyar da yaron a lakwal ya ce, a hankali yana duban ƙofa, ƙasar da mai jin yunwa ba shi da wurin da zai yi ihu, dole wata rana ya yi shi a inda bai dace ba, kuma ba a kama mutum don magana ko da ta yi wari. Wani maƙwabci ya ce shi bai yarda ba, ga kasuwa, ga ƙofar bariki, ga gidan rabon hatsi, me ya sa sai ƙofar matar da ta rasa ɗa? Mushe ya ce a ƙofar bariki wa zai ji shi. Maƙwabci ya ce to ita me ta yi masa. Wani Bakano abokin cinikina ya ce a garinsu da tuni an yi masa dukan da zai manta sunan uwarsa, sannan a kai shi asibiti a biya masa magani, kowa ya huta. Liman ya ce mamaci yana da hakki, mai makoki yana da hakki, mutumin nan ya tauye duka biyun kuma zai amsa a gaban Allah, amma bai ga inda aka ce ɗamarar soja ce za ta karɓar musu ba. Suka juyo gare ni, wai ni da na yi aikin me na gani. A karo na biyu a mako ɗaya na rasa abin cewa. Har aka fara raɗe-raɗin ba ni da lafiya.

Na yi ta juya abin shekara da shekaru. Ni mutum ne da baki ya ciyar, ba zan so a wayi gari ana ɗaure mutane saboda abin da ya fito daga bakinsu ba, don da ni za a fara, a ƙare da ni. Kuma da an sake maimaita safiyar, ina jin zan sake cewa a sake shi. Amma kada wani ya ce mini magana iska ce. Na ga inda ta sauka. Wanda yake cewa a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama, ya kamata a taɓa tura shi zaure ya karɓo bargo, ya ga wanda yake biya. Abin da na fi jin zafi shi ne a duk garin nan, da malamansa da fadarsa da barikinsa, ba a sami wata hanyar da za a janye mutum daga gaban makara a zaunar da shi a gefe a ji ta bakinsa ba. Ko kaso ko wasa, su ke nan a hannunmu. Wasan da kakanni suka bar mana don sauƙaƙa mutuwa, na ja shi ya rufe abin da ba a ɗinka shi don shi ba, tun ranar kuma ban ƙara zama a gaban makarar kowa ba. Ardo nawa suka mutu, na je na yi gaisuwa kamar baƙo.

Yayata ba ta yi gaba da ni ba. Da ta yi, da ya fi sauƙi, da na san abin da zan roƙa. Tana gaishe ni, tana aiko mini da tuwon salla, ƴaƴana suna kwana a ɗakinta. Sai dai in na shiga na fara ba da labari, duk gida yana birgima, ita sai ta jira in gama, ta ce, “Auta, a kawo maka ruwa?” Haka har Allah ya karɓi abarsa. Ban ƙara ganin haƙoranta ba.

Mutumin kuwa na sake ganinsa sau ɗaya, bayan an yi wa yaron sadakar arba'in. Na je Tirmini sayen fata, a bakin garin akwai inda waɗanda fari ya koro suka kafa ƴan bukkoki da tsumma da kara. Yana zaune shi kaɗai a gindin wata aduwa. Na gane shi tun daga nesa. Ba zan ɓoye ba, da ɗan ɗagin kai na tunkare shi. Na yi asara a kansa, na ga ko ba komai ya kamata in ji na gode.

Na yi sallama, ya amsa. Na tsuguna.

“Ka gane ni?”

“Mai baki,” ya ce.

“Ka san yaron nan kuwa? Shi ne ya yi maka wani abu?”

“Ban san shi ba.”

“Ko sau ɗaya ba ka taɓa ganinsa ba?”

“Ina zan sani? Duk hularsu ɗaya.”

Na ce to don me. Sannan ya faɗa mini, ba tare da ya dube ni ba, kamar yana karanta wa ƙasa. Shanunsa sun ƙare a hanya. Matarsa ta riga su mutuwa. Ya iso da ƴa ɗaya a kafaɗa. Ranar rabo ya shiga layi tun asuba da ita a hannu, da aka kusa zuwa kansa mutane suka turo daga baya, masu kaki suka buɗe layi da ɗamara, ya faɗi, kafin ya tashi an rufe mota. Aka ce a dawo wani rabon. Yarinyar ba ta kai ba. Ya nuna mini da haɓa can gefen hanyar mota, inda aka tara ƙaya a kan ɗan tudu don kada karnuka su tone. Ba wanda ya yi mata salla sai shi.

Na dubi tarin ƙayar nan, na tuna abin da na faɗa a lungu wanda ya fi ba mutane dariya. Na so ƙasa ta buɗe. Amma hali ba ya barin mai shi, sai na ji ina neman inda zan tsaya da ƙafa ɗaya.

“Allah ya ji ƙanta,” na ce. “Amma dai ka san da ban yi abin da na yi ba, da yanzu ba ka nan. Na cece ka ranar nan, bawana.”

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, gajiya kawai.

“Ka cece ni,” ya ce. “Da ƙafa na taka har Birni don mutanen gari su ji ni sau ɗaya. Da sojan sun tafi da ni, da an ce wani mutum ya faɗi magana. Kai ka sa aka ce wani Bafillace ya zo neman bargo.”